Manhajar Zane da Siddabarun Hoto: Abin da Take Ƙara wa Mai Zane



Zan yi magana ne a kan manhajojin da ake zane da su a kwamfuta, waɗanda ke iya kawo hayaƙi, wuta, hazo ko hasken wata cikin hoto. Abin da nake son mu bar zauren nan da shi guda ɗaya ne: babban amfaninsu shi ne sun sauƙaƙa wa mai zane gwaji, gwaji kuwa shi ke haifar da gwani.

Mu fara da masana'antar fim, inda wannan sana'a ta girma. Kafin zuwan kwamfuta, idan ana son nuna birnin da babu shi a duniya, mai zane ne zai zana shi da fenti a kan gilashi, ya bar wani gurbi inda za a haɗa hoton 'yan wasa. Da irin wannan dabara aka yi wasu wurare a fim ɗin Star Wars na 1977. Aiki ne na makonni, kuma idan darakta ya ce a sauya hasken rana ya koma na yamma, sai a sake shafa fenti.

A 1987 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka fara haɗa manhajar da ta zama Photoshop, kamfanin Adobe kuma ya fitar da ita kasuwa a 1990. John ma'aikaci ne a Industrial Light & Magic, kamfanin da ya yi siddabarun Star Wars, don haka tun daga tushe manhajar ta san buƙatar masu fim. A 1991 manhajar Painter ta fito, wadda ke kwaikwayon fentin mai, fentin ruwa da gawayi.

Jama'a, ina so mu tsaya a kan abin da Photoshop ta kawo a 1994, wato zane hawa-hawa. Ku ɗauka takardun leda ne garai-garai aka ɗora kan juna: sama a ɗaya, gini a ɗaya, mutum a ɗaya, ƙurar hunturu a ta bisa. Mai zane zai iya canza launin sama ba tare da ya taɓa fuskar mutumin ba. Zai iya rage ƙurar, ya duba, ya ƙara ta, ya sake dubawa. Alƙalamin da yake zane da shi a kan allo yana jin nauyin hannu, in ya danna layi ya yi kauri, in ya sassauta ya sirance. Ɗalibin da a da yake tsoron ɓata ƙyallen zane saboda tsadar fenti, yanzu zai gwada launi iri goma kafin ya zaɓi ɗaya. A nan ido yake koyon bambanta haske da inuwa.

Amfani na biyu shi ne sauƙin kuɗi. Manhajojin Krita da Blender kyauta ake sauke su. Kada kowa ya raina su don ba a biya ba: da Blender Gints Zilbalodis, ɗan ƙasar Latbiya, da ƙaramar tawagarsa suka yi fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025. Ga matashin da ke zana fostar finafinan Kannywood ko bangon littattafan Hausa, wannan albishir ne.

Na san akwai malaman da ke fargabar na'ura za ta kashe hannu. Fargabarsu tana da tushe, domin manhaja za ta ba ka wuta cikin daƙiƙa, amma ba za ta gaya maka inda haskenta ya kamata ya faɗa a kuncin mutum ba. Wanda bai iya zana hannu da fensir ba, a kwamfuta ma ba zai iya ba. Ku lura da David Hockney, mai zanen nan na Ingila, wanda ya rungumi zane a iPad bayan ya haura shekara saba'in. Abin da ya sa aikinsa ya yi kyau shi ne dogon horon da idonsa ya samu tun yana matashi.

Mu dawo gida. A Zariya, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya sun nace a kan ɗaukar dabarar Turai a yi zanen gida da ita. Aikin da ke gabanmu ke nan. Zayyanar bangon gidajenmu, aikin babbar riga da adon dawakin hawan sallah duk suna jiran wanda zai shigar da su fim da littafin yara. Ina roƙon makarantunmu su koyar da fensir da manhaja tare, su kuma sama wa ɗalibai ɗakin kwamfuta mai tsayayyiyar wuta.