IN WUTA TA TASHI A YAMAI, WA ZA MU KIRA?

Jawabin da kwamiti ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, kowa ya san shi. A sanyin da ya wuce wuta ta kama ɗakin da yaranmu shida suke haya a Bukoki. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma kayan sana'arsu da kuɗin da suka tara na komawa gida duk sun ƙone. Da muka bi diddigi, sai muka tarar ɗaya daga cikinsu ya buga waya tun da wuri, ya ce: "Wuta, wuta, gidan Alhaji, Bukoki!" sa'an nan ya kashe waya ya ruga neman bokiti. To, jama'a, gidan Alhaji nawa ne a Bukoki? Motar kashe gobara ta fito, ta yi ta yawo tana tambaya, kafin ta iso rufi ya faɗa. Ba mu zargin yaron, domin ba wanda ya taɓa koya masa. Laifin namu ne, shi ya sa yau za mu gyara.

A ƙauye, in abu ya faru, kururuwa ake yi, gari duka ya fito da tulu da masaki, kowa kuwa ya san gidan kowa. Yamai ba haka take ba. A nan akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana, amma ba su san ka ba, ba su san gidanka ba, sai abin da ka gaya musu a waya.

Lambobi uku ne ya kamata kowa ya haddace. Lamba 18 ta ƴan kashe gobara ce, watau pompiye. Lamba 17 ta ƴan sanda ce. Lamba 15 ta ma'aikatar agajin likita na gaggawa ce, wadda ake kira SAMU. Dattawa za su tuna ita ce lambar da aka riƙa sanarwa a rediyo lokacin cutar korona a 2020. Kiran waɗannan lambobi kyauta ne. Tsari ne irin na ƙasar Faransa, inda su ma lambobin nan uku suke bugawa, can ne kuma wani likita mai suna Louis Lareng ya kafa SAMU ta farko a birnin Tuluz a 1968. Masu zuwa fatauci Kano ko Katsina su lura, da zarar an ƙetare iyaka lamba ta sake: ta Najeriya 112 ce.

Yanzu bari mu faɗi abin da ke faruwa bayan an buga. In ka buga 18, wayarka tana shiga wani ɗaki inda ma'aikaci yake zaune yana jiran kira. Shi wannan ba ya fita da mota. Aikinsa ya saurare ka, ya rubuta abin da ka faɗa, ya san wane irin haɗari ne, sa'an nan ya sanar da barikin da ya fi kusa da wurin, ya faɗi motar da za ta fita. In wuta ce, motar ruwa. In haɗarin hanya ne, motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni. In wani ya nutse a kogi ko ya faɗa rijiya, masu kayan wannan aiki. Bayan mota ta fita, suna ci gaba da magana da ita ta oba-oba. Kada a ɗauka wuta kaɗai ce aikin pompiye.

In ka buga 15, za a haɗa ka da likita. Likitan zai yi maka tambayoyi: shekarun mai ciwo nawa, yana numfashi, yana magana, jini na zuba, tun yaushe abin ya fara. Daga amsarka ne zai yanke shawara. Wani lokaci ya gaya maka abin da za ka yi a gida, wani lokaci ya ce ku tafi asibitin unguwa, in abin ya yi tsanani ya aiko da mota da ma'aikatan jinya. Shi ne kuma zai duba inda ya dace a kai mutum, ko Babban Asibitin Ƙasa, ko asibitin Lamorde da ke Harobanda, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi in mace ce mai naƙuda. Saboda haka in ba a aiko mota ba, kada a ce an raina talaka. Motocin kaɗan ne, garin kuwa babba, tilas a fara da wanda ransa ke hannun Allah.

In ka buga 17, ƴan sanda ne za su amsa. Su ake kira in ɓarayi sun shiga, ko faɗa ya kai ga makami, ko an tsinci gawa, ko motoci sun yi karo.

To, ga inda namu aikin yake. Wanda ya ɗauki wayarka ba ya ganin abin da kake gani. Kai ne idonsa, kai ne ɗan jagorarsa. Abu huɗu yake bukata daga bakinka.

Na farko, me ya faru. Wuta ce ta gas, ko ta lantarki, ko ta mai? Akwai mutum a ciki?

Na biyu, ina ne. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. A Yamai ba kowa ke kwatance da sunan titi ba. Ka faɗi unguwa, ka faɗi babbar alama da kowane direba ya sani, kamar kasuwar Katako, ko tashar Wadata, ko masallacin Juma'a, ko gidan mai, ko makaranta. Daga nan ka ƙirga: lungu na nawa bayan an bar kwalta, hannun dama ko hagu, ƙofa wane launi. In a ƙetaren kogi kake, ka faɗa tun farko, ka faɗi gadar da ta fi kusa da kai, ko Gadar Kennedy, ko gada ta biyu, ko Gadar Janar Seyni Kunce.

Na uku, mutum nawa abin ya shafa, kuma wane hali suke ciki.

Na huɗu, sunanka da lambar wayarka. Wasu yaranmu suna jin tsoron wannan, wai za a riƙe su shaida ko a ɗora musu laifi. Ana karɓar lambar ne domin a sake kiranka in mota ta ɓace hanya. Kada ka kashe waya sai an sallame ka, kada kuma ka shiga kiran ƴan'uwa na gida har layinka ya cushe. In Faransanci ya gagare ka, yi Hausa ko Zabarmanci. In tsoro ya ɗaure maka harshe, miƙa wa wanda ke kusa da kai. Da ka gama, aika yaro ɗaya bakin kwalta ya tsaya yana ɗaga hannu, ya shigo da mota.

Sai maganar hanya. Motar pompiye babba ce, ruwan da ta ɗauko kuwa yana ƙarewa, sai ta koma ta ɗebo. In tebura da amalanke da ƴan kallo sun toshe lungu, mintin da aka ɓata ba ya dawowa. Dattawan da suka riga mu zuwa sun ga yadda Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, ba ta sake buɗewa ba sai 1987. Mu kuma mun ga Ƙaramar Kasuwa ta ƙone a 2012. A watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru ɗibar mai, ta fashe, fiye da mutum 50 suka rasu. A ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a unguwar Pays-Bas, yara ƙanana kimanin 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wutar zana da ta mai ba su jiran kowa, don haka a fara buga waya da janye mutane, sa'an nan a nemi bokiti.

Kafin mota ta iso, kada a zuba ruwa a wutar lantarki ko ta mai, sai dai rairayi, a kuma kashe mita. Wanda ya ƙone a kwarara masa ruwa mai tsabta na kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge haƙora. Wanda mota ta buge kada a ciccibe shi a ɗora kan kabu-kabu, domin in wuyansa ya karye muna iya ƙarasa shi da hannunmu. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta.

Har wa yau, iyaye mata, a hana yara wasa da waɗannan lambobi. Kowane kiran ƙarya yana tare layi ga wanda gidansa ke ci, wata rana kuwa gidan namu ne.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Kowane gida na ƴan ƙungiya zai rubuta 15 da 17 da 18 a jikin bango kusa da ƙofa, da gawayi ko da fenti. A ƙarƙashinsu a rubuta kwatancen gidan, a karanta wa wanda bai iya karatu ba har ya haddace. Duk baƙon da ya sauka daga ƙauye, mai masaukinsa ya koya masa wannan tun daren farko, kafin ma a nuna masa hanyar kasuwa. A taro mai zuwa za mu tada mutum uku, kowa ya yi mana kwatancen gidansa kamar yana waya, dattawa su faɗi ko sun gane. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yaran nan shida kuma, faranti zai zagaya bayan addu'a, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa.

Allah ya kiyashe mu da gobara da haɗari, ya maida kowa gida lafiya.