Littattafan da Ke Cikin Wayoyinmu: Wa Ya San Adadinsu?



An ba ni damar yin magana a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, wato yadda malami zai tsara littattafan da ya tara a waya ko a kwamfuta, sannan ya shigar da sunayensu cikin fihirisa ta intanet. Abin da nake so mu fita da shi daga wannan zama guda ɗaya ne: littafin da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, bambancinsa da wanda ya ɓata kaɗan ne.

A yau da wuya a sami malami a Kalgo ko Gwandu wanda wayarsa ba ta ɗauke da littattafai. Akwai manhajar karatu ta hukumar NERDC, da littattafan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, da darussan Buɗaɗɗiyar Jami'a, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da littattafan addini da na hikaya. Mafi yawansu ta WhatsApp suka zo mana, kuma sau da yawa waya kan ajiye su da sunan da ba kowa ke gane shi ba: haruffan DOC, da kwanan wata, da wata lamba. Ranar da malami ke neman jagoran lissafi na aji huɗu, sai ya buɗe fayil goma bai dace ba, daga ƙarshe ya sake sayen data ya sauke abin da yake da shi tun bara. Idan kuwa wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, ko sunayen abin da ya rasa ba zai iya kawowa ba, balle ya nemi madadinsu.

Lissafa littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 kuma kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gabansu. Saboda wannan jeri ne masu bincike suka san irin littattafan da ake karantarwa a wannan yanki sama da shekara 200 da suka wuce. Daga baya wani ma'aikacin ɗakin karatu na Ibadan, W. E. N. Kensdale, ya buga jerin rubuce-rubucen Malam Abdullahi a 1956, sannan a 1995 Farfesa John Hunwick ya fito da babban kundin da ya lissafa marubutan wannan yanki, da ayyukansu, da wuraren da kwafinsu yake. Amfanin irin wannan aiki shi ne, ko da gara ta cinye wani kwafi, sunan littafin yana nan a rubuce, kuma sunan ne ke sa a tashi neman wani kwafin a Sakkwato, ko Zariya, ko Gidan Arewa da ke Kaduna.

To, yaya ake yin wannan da littattafan na'ura? Aikin mataki uku ne.

Na farko, a tattara. A kwashe duk littattafan daga waya da katin memori zuwa wuri guda a kwamfuta. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Calibre, wadda aka yi domin wannan aiki. Tana karɓar fayilolin PDF da EPUB, ta jera su bisa sunan littafi da na marubuci, kuma ba ta buƙatar intanet kafin ta yi wannan jeri.

Na biyu, a gyara. Calibre tana ɗaukar bayanin da ta tarar a jikin fayil ne, kuma yawancin fayilolinmu bayaninsu gurgu ne. Wani za ka ga wurin sunan marubuci babu komai, wani kuma sunan mai shagon da ya buga shi a kwamfuta ne ke wurin. Dole malami ya buɗe kowane littafi, ya duba shafin farko, ya rubuta sunansa na gaskiya, da marubuci, da maɗaba'a, da shekara, da darasi da ajin da ya dace da shi.

Na uku, a fitar da jerin a matsayin fayil irin na CSV, wanda jadawali ne da Excel ke iya buɗewa, sannan a ɗora shi a shafin fihirisa. Fitattu guda biyu su ne LibraryThing, wanda aka buɗe a 2005, da Goodreads, wanda ya fara aiki a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saya a 2013.

A nan ne gizo ke saƙar. Waɗannan shafuka sun fi gane littafi ta lambar ISBN, wato lambar da ke bayan littafi, wadda da can take da alƙaluma 10, tun daga 2007 kuma ta koma 13. A ƙasar nan Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma sabuwar lambar littafin Nijeriya takan fara da 978 sau biyu: na farkon na littattafai ne baki ɗaya, na biyun kuwa alamar Nijeriya ce. Littafin da ke da lambar, shafin zai nemo sauran bayaninsa da kansa. Wanda ba shi da ita, sau da yawa sai a tsallake shi, ko a haɗa shi da wani littafi dabam mai kama da sunansa.

Mu tambayi kanmu, nawa ne daga cikin littattafanmu ke da wannan lamba? Tsarin bai zama na duniya ba sai a 1970, don haka bugun farko na Ruwan Bagaja na 1934 da na Magana Jari Ce ba su da ita, sai dai bugun baya na kamfanin NNPC na Zariya. Da yawa daga littattafan hikaya na Kano ba su da ita. Haka littattafan ajami da na Larabci da ake sayarwa a bakin masallaci, da takardun bita da ake raba mana. Ma'ana, wanda ya ɗora jerinsa ya tafi ba tare da dubawa ba, zai tarar littattafan Ingila da Amurka sun shiga lafiya, namu na gida an bar su a ƙofa. Maganin shi ne a ƙirga kafin ɗorawa, a ƙirga bayanta, a shigar da ragowar da hannu ɗaya bayan ɗaya. LibraryThing ya ba da damar yin hakan.

Akwai ƙananan tarkuna biyu kuma. Ɗaya shi ne sunan marubuci. Mutum guda ana rubuta shi Abdullahi ɗan Fodiyo, da Abdullahi bin Fodio, da Abdullahi Gwandu. Na'ura kuwa za ta ɗauke su mutum uku. A zaɓi rubutu guda a tsaya a kansa. Ɗayan shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Idan ba a ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8 ba, sukan rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana.

Sai gargaɗi. Shafin fihirisa sunayen littattafai yake ajiyewa, ba littattafan ba. Su kansu fayilolin a kwafe su a filashi ko katin memori, a ajiye a wuri dabam da wayar. Shi ma jerin a riƙe kwafinsa a gida, har a buga shi a takarda in da hali, domin shafin na wasu ne, suna iya sauya dokokinsa ko su rufe shi ba tare da shawararmu ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Haka nan, bayyana sunan littafi ba laifi ba ne, amma yaɗa kwafin littafin da marubucinsa ke sayarwa tauye masa haƙƙi ne, kuma bai dace da mai koyar da tarbiyya ba.

Ina ba reshenmu shawara uku. Kowace makaranta ta wakilta malami ɗaya da zai haɗa jerin littattafan abokan aikinsa, na na'ura da na takarda, a cikin zango guda. Reshe ya haɗa su cikin fihirisa ɗaya, ta yadda malamar da ke ƙauye za ta san wanda ke da littafin da take nema kafin ta kashe kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Sannan mu nemi ma'aikatan ɗakin karatu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ba mu horo na yini ɗaya, tun da wannan sana'arsu ce.

Iyayenmu da suka ajiye aiki, ina roƙon a fara da ku. A akwatunanku akwai littattafan firamare na da, waɗanda ba a sake bugawa ba, kuma ba a taɓa sa su a intanet ba. Ku ba 'ya'yanku dama su zauna tare da ku su rubuta sunayensu, tun kuna iya faɗa musu wane ne ya rubuta, wace shekara aka karantar da shi, kuma a wace makaranta. Wannan bayani babu na'urar da za ta samo mana shi.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya jira. Littafin rubutu mai shafi 40 da biro sun isa a fara: suna, marubuci, shekara, da inda littafin yake. Littafi biyar a rana, kafin wata ya ƙare an rubuta 150.

 Allah Ya sa albarka a karatunmu da karantarwarmu.