Jawabin Sakataren Ilmi a Taron Ƙungiya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyayenmu, 'yan'uwa maza da mata.

Maganata a kan 'ya'yanmu ce masu digiri da babbar difloma. Wannan akanta, wancan injiniya, sun gama bautar ƙasa, ga su nan zaune a Sabo ba aikin yi, alhali makarantarmu tana neman malamin lissafi ruwa a jallo.

To jama'a, ba sai sun sake shekara huɗu ba. Akwai kwas ɗin PGDE na koyon aikin malanta, shekara ɗaya ne ko ya ɗan gota. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, tana gudanar da shi a cibiyoyinta na jihohi. Daga nan sai jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993.

Amma fa kada mu ruɗi kanmu. Aikin gwamnatin jiha sai an tambayi takardar asali, kun kuwa san yadda muke ƙarewa da ita a nan. Saboda haka shawarata ita ce ƙungiya ta biya kuɗin kwas, su kuma su koyar mana shekara biyu, da albashi, ba Allah-ya-ba-da-lada ba.

Mai sha'awa ya ba da sunansa bayan la'asar. Wassalam.