Kafin Na'ura Ta Shiga Aji, A Fara Horar Da Malami

Jawabin Baƙo Mai Jawabi A Taron Shekara-Shekara Na Ƙungiya



Na ji daɗi ƙwarai da ƙudurin wannan ƙungiya na saya wa ɗaliban makarantar sakandaren garinmu ƙananan kwamfutoci. Niyya ce mai kyau, domin tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara bin sahu. Yaron da bai taɓa riƙe na'ura ba sai ranar jarrabawa, lallai mun zalunce shi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma ina roƙon ku ba ni aron hankalinku kan mutum ɗaya da muka saba mantawa, wato malami.

Wasu sun riga mu gwada wannan hanya. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta kwamfutoci fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bincika makarantun firamare na karkara, rahotonsa na 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko a karatu ba. Yara sun iya sarrafa na'ura, amma koyarwa tana nan yadda take. A nan gida ma, Jihar Osun ta fara rabon Opon Imo ga 'yan babbar sakandare a 2013. Ita kuwa Faransa, a 2018 ta hana amfani da wayar hannu a makarantun firamare da ƙananan sakandare, saboda yadda take ɗauke hankalin yara. Ke nan na'ura takan gyara, takan kuma ɓata, gwargwadon hannun da ke jagorantar ajin.

Ku dubi halin malaminmu. Ya shekara ashirin da alli da allo, ga aji maƙil da yara, kwatsam a wayi gari kowane yaro yana riƙe da abin da ya fi shi sani. Abu biyu zai faru: ko ya kulle na'urorin a ofishin shugaban makaranta don tsare mutuncinsa, ko ya ƙyale yara su shagala da wasanni da finafinai.

Saboda haka horon da nake nufi ya wuce koyon kunnawa da kashewa. Da farko, malami ya riƙe na'urar na tsawon zango guda kafin ta isa hannun ɗalibi. Na biyu, a horar da kowa a kan darasinsa: malamin kimiyya ya san yadda zai nuna zagayawar jini a jiki, malamin Hausa ya san yadda zai sa yara su naɗo muryoyin dattawa suna ba da tarihin gari. Na uku, ya koyi tafiyar da aji, ya san lokacin buɗe na'ura da lokacin rufe ta a koma ga littafi da biro. Na huɗu, ya iya koya wa yara tantance gaskiya da ƙarya a intanet, musamman tun da manhajoji irin su ChatGPT, wadda ta fito a 2022, ke iya rubuta wa yaro aikin gida baki ɗaya.

Ga shawarata. A keɓe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka tara domin horo da gyara da wutar sola. 'Ya'yanmu masanan kwamfuta da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas su sadaukar da mako biyu a dogon hutu, su kuma riƙa leƙowa kowane zango. A nemi shawarar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ke wannan aiki tun 1976. A kuma roƙi Ma'aikatar Ilimi kada ta gaggauta yi wa waɗanda aka horar canjin wurin aiki.

'Yan uwa, kwamfuta hamsin a hannun horarrun malamai sun fi ɗari biyu da ƙura ta lulluɓe a sito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya albarkaci zuri'armu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.