SHIRIN MAYAR DA KOMAI CIKIN WAYA: INA RABON TALAKA?

A daren Asabar ɗin da ta gabata ne 'yan uwa matasa na garin Dogon Daji da ƙauyukan kewaye, har da waɗanda suka taso daga Tambuwal da Kebbe, suka taru bayan sallar Isha'i domin sauraron jawabi a kan shirin gwamnati na mayar da harkokin ƙasa cikin kwamfuta da wayar hannu. Wani ɗan uwa malamin makaranta, wanda ya karanci ilimin kwamfuta, shi ne ya gabatar da jawabin.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzonsa (S), Malam ya nemi duk mai waya a aljihu ya ɗaga hannu. Kusan kowa ya ɗaga. Sai ya ce to wanda ya san abin da gwamnati ta tsara a kan wannan waya ya bar hannunsa sama. Duk hannuwa suka sauka. Ya ce, "Kun gani ko? Ana ta yi mana aski ba mu nan."

Daga nan ya shiga tarihi. Ya ce a shekarar 2001 aka sayar wa kamfanoni lasisin wayar salula, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar NITDA. Kafin nan layukan waya a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da kundin tsarin tattalin arzikin zamani na shekara goma, 2020 zuwa 2030, lokacin Dakta Isa Ali Pantami yana minista. Kundin yana da ginshiƙai takwas, kuma an sa burin kashi 95 cikin ɗari na 'yan ƙasa su iya aiki da na'ura kafin 2030. Wani kundin kuma ya yi alkawarin intanet mai sauri zai kai kashi 70 cikin ɗari a 2025, gigabait ɗaya na data kuma ba zai wuce Naira 390 ba. Da shekarar ta zo, adadin bai wuce wajen rabi ba. Farashi kuwa, a watan Janairun 2025 ɗin ne hukumar NCC ta yarda wa kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari.

Malam ya ce shi bai zo ya ce wa kowa na'ura haramun ce ba. Wuƙa ce, da ita ake yanka ragon Layya, da ita ake kisan kai. Abin tambaya shi ne, a hannun wa ƙotar take?

A nan ne ya daɗe. Ya tuna wa 'yan uwa watan Satumba na 2021, lokacin da aka toshe layukan waya a Zamfara, sannan aka toshe na ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Ya ce ba ya musun bala'in ɓarayin daji, babu wanda bai san wani gida da aka yi kuka ba. Amma a duba. Tun Disamban 2020 an tilasta wa kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, tsofaffi suka sha layi cikin rana, aka ce da wannan za a riƙa gano masu laifi. Wata tara bayan haka sai aka kashe layin mai laifi da marar laifi gaba ɗaya. Mai haƙuri ya kasa kiran mota, mai POS ya rufe rumfa, ɗan ci-rani a Legas ya kasa jin muryar mahaifiyarsa. Su kuwa masu garkuwa da mutane har yau da waya suke cinikin fansa.

Ya ci gaba da cewa ba a gama warkewa daga wannan ba sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Babban Banki ya janye tsofaffin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Manomin da ya kai buhun gero kasuwa, ba shi da asusun banki, ba shi da BVN, bai iya karatun boko ba, da me zai karɓi kuɗinsa? Da yawa sun karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. A tsakiyar wannan wahala ce kuma aka yi zaɓen 25 ga Fabrairu, na'urar da aka ce za ta nuna sakamakon shugaban ƙasa nan take ta ƙi nunawa. Allah Ya sawwaƙe.

"Wanda ya zauna a ofis mai sanyi a Abuja ya rubuta tsari," in ji Malam, "bai taɓa biyan kuɗin cajin waya a shagon mai janareta ba. An ɗora rufi ba a kafa ginshiƙi ba. Ina wutar? Ina malaman?" Ya kawo misali da jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kawai ake rubuta ta, alhali akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa linzamin kwamfuta.

Sai dai bai bar matasan da kukan gwamnati kawai ba, ya juyo kansu, kuma ya yi zafi. Ya ce abin kunya ne ɗan uwa ya ƙarar da datar dubu biyu a kallon shirme a TikTok, amma in za a cika masa fom sai ya biya wani. Ya ce Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta da waya ba ta da rediyo, amma ta tsara jajis suna kai karatu ga mata har cikin ƙauyuka. Mu da ilimi ya zo mana har aljihu, wane uzuri za mu ba Allah (T)?

Saboda haka ya nemi duk wanda ya iya kwamfuta ya ɗauki mutum biyar ya koya masu kyauta, a fara da 'yan aji shida na sakandare. Ya kuma ja kunne sosai a kan masu yawo suna karɓar lambar NIN da BVN ta mutane da sunan za a ba su tallafi. Ya ce kada wanda ya bayar, domin da sunanka za a buɗe asusu a yi damfara, kai za a zo kamawa. A gaya wa iyaye mata musamman, su aka fi cuta.

A lokacin tambayoyi wani matashi daga Kebbe ya ce a ƙauyensu sai an hau tudu ake samun sabis, ta yaya za su yi wannan karatu? Malam ya amsa da cewa duk wanda ya shigo gari ranar kasuwa ya sauke darussa a katin waya, ya koma ya raba wa saura, wannan ba ya buƙatar sabis. Nan take 'yan uwa uku masu kwamfutar hannu suka ba da sunayensu, aka tsayar da ranar Alhamis bayan La'asar don fara darasi. An rufe zaman da addu'a da misalin ƙarfe goma da rabi na dare.