Ƙari a Gindin Kunnen Yaro: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 Ciwon da zan yi magana a kansa yau ba shi da yawa. Hakimi ya iya yin shekara 30 bisa sarauta bai ga yaro mai shi ba. Amma na zaɓe shi domin kuskure guda na aska yana iya ɓata fuskar yaro har iyakar ransa, ku ne kuwa kuke da ikon hana wannan kuskure.

Bari in fara da jijiyar kanta, watau jijiyar motsi, ba ta jini ba. A kowane gefen kai akwai jijiyoyi 12 masu fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta 7 ita ce ta fuska. Takan bi ta wata 'yar hanya cikin ƙashin kunne, ta ɓullo a ƙarƙashinsa, ta ratsa tsokar nan ta gaban kunne mai yin miyau, sa'an nan ta rabu reshe 5 kamar yatsun hannu, daga goshi har wuya. Da ita ake rufe ido, ake murmushi, ake hura wuta. Wani likita a Landan, Charles Bell, shi ya bayyana aikinta a shekarar 1821. Jijiyar tana da riga kamar wayar lantarki, daga wannan riga kuwa ƙarin yake tsirowa. Likitoci suna kiransa shiwanoma, daga sunan Theodor Schwann, masani Bajamushe. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki. Ko a manya ba safai ake ganinsa ba, balle yara.

To, ina wuyar take? Wuyar ita ce, kama da wane ba wane ba ne. Hangum yana kumbura wannan wuri, amma da zazzaɓi da zafi yake zuwa, yakan kama yara da yawa a unguwa, ya sace cikin kamar kwana 10. Kaluluwa da maruru suna da zafi. Akwai kuma ƙarin muƙamuƙi wanda Likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, muna da shi a ƙasar nan. Shi daji ne, girmansa na makonni ne, lalle a gaggauta da shi asibiti. Shiwanoma ba haka take ba. Dunƙule ne mai ɗan tauri, ba zafi, ba zazzaɓi, yana ƙaruwa sannu sannu wata da watanni, har shekaru. Sau da yawa fuskar yaron lafiya lau take, don haka ko likita ya iya ɗauka ƙarin tsokar miyau ne kawai.

Wani lokaci kuma ƙarin yana ɓoye cikin ƙashin kunne, ba a ganin kumburi, sai dai baki ya fara karkacewa, ko ji ya ragu. Nan ma da bambanci. Karkacewar baki da aka saba gani farat ɗaya take zuwa, cikin kwana 3 ta gama, yawanci kuma ta fara sauƙi cikin mako 3. Amma in tana ƙaruwa a hankali, ko ta yi wata 3 ba alamar sauƙi, ko ta warke ta komo gefe guda, ko fuskar tana rawa da kanta, to, sai a bincika.

A asibiti likita zai sa yaron ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya yaƙe haƙora, ya cika kumatu da iska, ya rubuta ƙarfin fuskar bisa wani ma'auni mai daraja 6. Zai duba kunne, ya gwada ji. Zai duba fata kuma, gama tabo masu launin ƙasa-ƙasa guda 6 ko fiye suna nuna wata cuta ta gado mai sa ƙari a jijiyoyi. Bayan haka sai hoto: sikanin irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu, da hoton CT mai nuna ƙashi, da MRI mai aiki da maganaɗisu, wanda ya fi duka nuna ƙarin yana bin jijiya. Akan tsotsi kaɗan da allura a duba, amma a wannan ƙari allura ba kullum take ba da amsa ba. Masanan wannan aiki suna Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da asibitocin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano.

Kada iyaye su yi fushi in likita ya ce ba zai yi aiki yanzu ba. In fuska tana motsi sosai, sau da yawa gara a zuba ido, a riƙa sake hoto. In aka yanke jijiyar, ko an ɗauko wata daga wuya ko ƙafa an dasa, motsin fuska ba ya komowa cif yadda yake da.

Ga roƙona, ranku ya daɗe. Ku tara sarakunan aska ku gaya musu, kumburin gindin kunne wanda ba zafi ba na sakiya ba ne, ba na ƙaho ba ne. Ban raina sana'arsu ba, amma jijiyar ƙaramin yaro, musamman wanda bai kai shekara 2 ba, tana dab da fata. Ku kuma malamai, in dagaci ya kawo irin wannan yaro, ku rubuta watan da aka fara ganin kumburin, da girmansa, kamar gyaɗa ne ko kamar goro. Ku sa iyaye su nemo tsofaffin hotunan yaron a waya, su tafi da su tare da takardarku. In idon ba ya rufuwa, a kāre shi daga ƙura da iska a hanya, kada a ɗiga masa kome sai abin da malamin asibiti ya ba da.