Uwa a Bakin Filin da Ba Ta Taɓa Takawa Ba

 

An nemi in yi magana kan yara da wasanni, ni kuwa abin da na sani shi ne labarin ɗana. Ku yi mini afuwar sunansa, ɗan fari ne. Yana shekara tara yayana ya karɓe shi riƙo ya tafi da shi Amurka, a can ya faɗa wa besbol, wasan da wani ke jefa 'yar ƙwallo mai tauri, wani ya doke ta da kulki ya sheƙa da gudu. Nawa majefi ne.

Ranar da wata jami'a ta ɗauke shi cikin ƙungiyarta, na raba goro a ɗakin malamai, a zatona kuɗin makaranta ya ƙare. Ashe da sauran aiki. Kafin 2025, dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ta ƙayyade wa kowace ƙungiya a rukuni na ɗaya gurbin tallafin karatu 11.7 kacal, alhali 'yan wasan sun haura talatin. Ɓallarsa ake yi a rarraba. Abin da ya samu bai kai rabi ba, yayana ya ɗauki sauran.

Kakar wasa tana somawa a Fabrairu, a yi wasa har 56, kowa na mafarkin shiga cikin ƙungiyoyi takwas da ke haɗuwa a Omaha a watan Yuni, inda ake yin gasar ƙarshe tun 1950. Ƙarfe shida na yamma a wurinsu, sha biyun dare ne a nan. Sai in shimfiɗa tabarma, littattafan 'yan aji huɗu a cinya, waya a gefe, ina maki ina leƙen sakamako. Wata rana zuma, wata rana maɗaci. Akwai daren da ya fitar da mutum bakwai, akwai wanda aka cire shi tun ban gama littafi biyar ba.

A shekararsa ta biyu jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Aka yi masa aikin da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974. Jinyar takan ci shekara guda ko fiye. A nan na yi kuskuren da nake so ku guje wa. Duk kiran da na yi masa, tambayata ɗaya ce: yaushe za ka koma fili? Rannan ya ce mini, “Umma, in ban koma ba, har yanzu ni ɗanki ne?” Ban rintsa ba a daren.

Daga nan na sauya tambaya. Na koma tambayarsa abin da ya ci da darasin da ya shiga. Shi ya koya mini cewa a wasansu, mai kulkin da ya dace sau uku cikin goma gwani ne. Bakwai ɗin da ya rasa ba sa rage masa daraja. Mu da ke riƙe da jan biro ya kamata mu yi tunani a kan wannan.

Ya koma fili, amma hannun bai dawo kamar da ba. Manyan ƙungiyoyi talatin suna zaɓen matasa zagaye 20 duk shekara, wato mutum ɗari shida da 'yan kai, sunansa bai fito ba. Ya yi kuka, ni ma na yi. Sai dai bai taɓa sakin karatu ba, bana ya karɓi digirinsa.

Don haka, 'yan uwa, in yaronku ko ɗalibinku ya riƙe ƙwallo, kowace iri ce, ku bar shi ya buga, ku tabbatar littafi na ɗaya hannun. Ranar da ya ci, masu tafi ba sa ƙaranci. Ranar da ya faɗi ce yake waiwayowa ya ga ko kuna nan.